Ziyarar Dajin Yankari: Bayani ga Mutanen Chinade

Jama'ar Chinade da kewaye, ƙasarmu ta Katagum shimfiɗaɗɗiya ce, daga rairayi sai gonakin gero da gyaɗa. Yaro kan girma bai taɓa hawa dutse ba, giwa kuwa sai dai a littafin makaranta. Alhali a cikin jiharmu ta Bauchi akwai daji mai tuddai da kwazazzabai, wanda baƙi ke biyan kuɗin jirgi tun daga Ingila su zo kallo. Shi ne Yankari, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri.

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Dukiyarmu ce, kada wani ya ce muku zuwa can harkar Turawa ce.

Daga Azare a bi ta Misau da Darazo zuwa Bauchi, a kama hanyar Gombe, a ratse a Dindima har ƙofar Mainamaji. Wanda ya ce zai je ya dawo rana guda, gajiya kawai zai kwaso. A yi sammako, a kwana.

Masaukin yana Wikki, can tsakiyar daji, akwai ɗakunan haya. Gangare kaɗan ga marmaron Wikki, ruwa garai-garai mai ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31, ko da hunturu ko da bazara. Amma amfanin kwanan shi ne namun daji da sanyin safiya da na yamma suke fitowa. A zo da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta koro su bakin Kogin Gaji. A nan ake ganin ɓauna da gwanki da dorina, in da rabo har garken giwaye, wanda yake cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya. Mai son tarihi ya nemi a kai shi kogwannin Marshall, ɗakunan da mutanen zamanin da suka fafe a jikin dutse.

To, daji yana da doka. Ba a shiga sai da jagora, ba a sauka daga mota sai ya ce a sauka. Guntun taba guda ya isa ya cinye daji da rani. Farauta laifi ce, mai ita kotu zai sha. Sai batun gwaggon biri, wanda ya raina mutane ƙwarai a Wikki: a rufe ƙofa da taga, kada yaro ya fito riƙe da leda, kada kuma a ba biran abinci don wasa, don da haka aka ɓata su. A riƙe gidan sauro, da bargo in hunturu ne.

Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin matasa, ku ne wannan takarda ta fi shafa. Bayan kaka, hannun iyaye da ɗan nauyi, a yi karo-karo a ɗauki shatar mota guda, a kama ɗaki tun kafin a tashi. In kuɗin bai kai Yankari ba, ga dajin Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya.