Tun da ƙanin matata ya ari sifikata ba ta sake riƙe caji ba

 Ni mai shayi ne a Gusau. Ina da wata 'yar sifika mai Bluetooth da yayana, Allah Ya jiƙansa, ya kawo mini tsaraba daga Umara. Shi da kansa ya zuba mini karatu a memorin da ke cikinta, da shi nake buɗe teburi kullum bayan Asuba. A da, caji ɗaya yakan kai ni daga Magariba har in tashi ƙarfe ɗayan dare.

Watan jiya ƙanin matata ya ce in ara masa za su yi walimar abokinsa. Raina bai so ba, amma ka san kunyar surukuta. Kwana uku ta yi a hannunsa, kuma bai iya tako ƙafa ya kawo ba, yaro ya aiko da ita a leda. Tun daga ranar minti ashirin take yi ta mutu, in na ƙara murya kuwa nan take ta ɗauke. Sai dai in bar ta jone da caja a gefen tukunyar shayi kamar yadda na saba. Bayanta ma ya ɗago, ba ta zama daidai a kan teburi, ina jin yar da ita suka yi.

Da na yi masa magana sai ya ce, “Ai dama ta tsufa.” Malam, wannan kalma ce ta tsaya mini a rai. Ba kuɗinsa nake so ba, da ya ce yi haƙuri da magana ta mutu. Matata kuma cewa take na ɗauki ƙaramin abu da zafi. Wani mai gyara ya ce zai sa mini batir mai 9900 da zai yi kwana biyu. In sa ƙanin nata ya biya, ko in kai maganar gaban mahaifinsu?

Ɗan'uwanku daga Gusau

Amsar Malam: Allah Ya jiƙan yayanka, Ya sa can ta fi masa nan.

Kafin komai, ka zare sifikar nan daga caja yau, ka ɗauke ta daga gefen wuta. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne wanda ka faɗa a wuce, wato bayan da ya ɗago. Faɗuwa fasa roba take yi ko ta lotsa ta ciki. Abin da ke turo murfi waje batir ne da ya kumbura. Batirin litiyam, musamman mai faɗin nan da ke cikin jaka kamar ta azurfa, idan ya lalace iska yake tarawa a cikinsa, kuma a wannan hali yana iya kamawa da wuta. Kai kuwa ka ajiye shi ana ɗura masa caji tsakanin tukunya da mutanen da ke zaune a benci. Kada ka danna shi, kada kuma ka yarda wani ya huda shi da allura wai don iskar ta fita.

Ba ka gaya mini sunan sifikar ba, ba ka faɗi shekarar da aka kawo ta ba, amma ka faɗi ranakun da ta yi a hannun ƙanin matarka har da ledar da aka saka ta. To ga lissafi. Irin wannan batir yakan fara ja da baya bayan an cika shi an ƙarar kamar sau 300 zuwa 500. Mai amfani da shi kowane dare zai cinye wannan kafin shekara ɗaya da rabi. Abu biyu kuma suna tsufar da shi tun kafin lokacinsa: zafi, da zama a cike maƙil. Cikarsa bolt 4.2 ce, kuma barin sa a wannan matsayi yini guda gajiyar da shi yake yi. Ka haɗa da zafin Gusau na watan Afrilu da kan wuce digiri 40, ka ƙara da hucin tukunya. Kai ka rubuta “kamar yadda na saba” da hannunka. Yaushe rabonka da ka gwada ta dare guda babu caja kafin a are ta?

Ɗaukewar da take yi in ka ƙara murya ita ma alamar tsufa ce. Tsohon jaki yana tafiya lafiya in babu kaya, ana ɗora masa buhu sai ya durƙusa. Ƙara mai ƙarfi wuta mai yawa take ja, ƙarfin batirin ya faɗi, sai ɗan fanel ɗin da ke tsaronsa ya yanke. Mai yiwuwa 'yan walima sun ƙure ta ko sun bar ta a rana, amma kwana uku ba su yi wannan aikin su kaɗai ba.

Mai gyaran nan na 9900, kada ka koma wurinsa. Batir mai siffar gwangwanin da suke kira 18650, ko na manyan kamfanoni irin su Samsung da LG da Panasonic iyakarsa wajen 3500mAh, nauyinsa kuma kusan giram 45. Duk irinsa da aka rubuta wa 9900 ƙarya ce a jikin leda, sau da yawa ma tsohon batirin kwamfuta ne aka sake wa riga. Ka nemi mai gyaran da ke da mita, ya buɗe a gabanka, ku karanta abin da ke jikin tsohon: 3.7V ne ko 7.4V, nawa ne mAh ɗinsa, waya biyu gare shi ko uku. Ta ukun galibi ta auna zafi ce, ba a yanke ta. Sabon ya zo daidai da tsohon, da fanel ɗinsa na tsaro. In ya ce zai haɗa kai tsaye babu fanel, ko ya ɗora ƙarfen dalma mai zafi a jikin batirin, karɓi kayarka. Tsohon kuma kada ya tafi juji inda ake cinna wa shara wuta yara na wasa a gefe. A naɗe bakin wayoyinsa da salatif, a sa shi cikin gwangwani da yashi, ka bar wa mai gyaran. Bayan gyara, in ta cika ka cire caja, ka rataye ta a inuwa nesa da tukunya.

Kai ƙara gaban suruki a kan batir, wannan ba zan ma tsaya a kai ba. Kuɗin gyara kai za ka biya. Amma ba na tare da matarka da ta ce ƙaramin abu ne. Abin da ya fito daga hannun mamaci ba a auna shi da kuɗin kasuwa, kuma ƙanin nata gaskiya ya faɗa da mugun baki, aiko yaro da leda ma rashin ta ido ne. Ka kira shi kai da shi, ba a gaban yayarsa ba, ka gaya masa daga hannun wa ta fito da abin da kalmarsa ta yi maka. Kafin ka miƙa wa kowane mai gyara kuma, ka zare memorin nan, ka je a kwafe maka karatun a wuri biyu.