Kalmar “Bolt”: Yadda Kibiya Ta Haifi Gudu Da Sakata

Daga cikin aikatau na Ingilishi masu nuna motsin farat ɗaya, kaɗan ne ke rikita ɗalibai kamar “bolt”. Dalili kuwa shi ne, kalma ɗaya ce ke nufin arcewa da gudu, ita ce kuma ke nufin kulle ƙofa. Wanda ya san asalinta ba zai ƙara ruɗewa ba.

A tsohon Ingilishi, wato wanda aka yi amfani da shi kafin shekarar 1100, “bolt” suna ne na wata gajeriyar kibiya mai kauri da nauyi. Tana da ’yar’uwa a Jamusanci, wato “Bolzen”. Kibiyar nan na da siffofi biyu: ga saurin fita daga baka, ga siffar guntun sanda miƙaƙƙe. Daga kowace siffa sai ma’ana ta tsiro.

Daga saurin aka sami ma’anar zabura, tun wajen ƙarni na 13. In an ce “the horse bolted”, ana nufin doki ya firgita, ya ƙwace wa mahayinsa, ya sheƙa ba linzamin da zai tsai da shi. Haka ake faɗa wa ɓarawon da ya hangi ’yan sanda ya ranta a na kare. Ba kowane gudu ba ne “bolt”. Sai wanda ya zo ba zato, galibi saboda tsoro.

Daga siffar sandan kuma aka sami sunan sakata, da na ƙarfen nan mai zare da ake ɗaura wa noti. Saboda haka “he bolted the door” na nufin ya sa wa ƙofa sakata.

Nahawu na taimakawa wajen rarrabewa. Idan aikatau ɗin ya zo ƙi-karɓau, gudu ake nufi. Idan ya zo so-karɓau, sai a dubi karɓau ɗin: in ƙofa ce, kullewa ke nan, in abinci ne, an haɗiye shi da gaggawa ba tare da tauna sosai ba.

Ɗaliban ilmin aikin gona za su gamu da kalmar a littattafansu da wata fuska. Idan zafi ya tsananta, latas kan miƙa kara tsakiyarsa cikin ’yan kwanaki, ya yi fure da iri kafin lokaci, ganyen ya yi ɗaci, ya ƙi sayuwa. Wannan shi ake kira “bolting”. Ɗalibin da ya fassara shi da kullewa ya ɓata amsarsa, ya kuma rasa gargaɗin da manomin lambu ke bukata.

A ƙarshe, akwai wata “bolt” dabam mai nufin tankaɗe gari. Ita daga tsohon Faransanci ta shigo, ba ta da dangantaka da kibiya ko kaɗan. Rubutu da furuci kawai suka haɗa su.