Raba Bayanai Zuwa Ginshiƙai a Jadawalin Kwamfuta: Darasi Daga Bakin Iyakar Illela

Gabatarwa

Ɗalibin kimiyyar halittu ba ya rabuwa da awo da ƙirga. Yau ya auna tsawon tsiro, gobe ya ƙirga ganye, jibi ya rubuta nauyin iri. A da littafi da alƙalami ne ma'ajiyar waɗannan alkaluma, amma tun 1979, lokacin da Dan Bricklin da Bob Frankston suka fito da manhajar VisiCalc a Amurka, aikin ya soma komawa cikin jadawalin kwamfuta. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, sannan Excel a 1985. Wannan darasi zai duba matsala guda wadda ke yawan samun masu koyo, wato a kwafo alkaluma daga saƙon waya ko wani fayil, a liƙa su cikin jadawali, sai su cunkushe a wuri ɗaya ko su rikiɗe su zama wani abu daban.

Fasalin Jadawali da Alamar Iyaka

Jadawalin kwamfuta ya yi kama da filin dara. Yana da layuka da suka kwanta, masu lamba 1, 2, 3, da ginshiƙai da suka miƙe tsaye, masu harafi A, B, C. Inda layi ya gamu da ginshiƙi shi ne gurbi, kuma ƙa'ida ita ce kowane gurbi ya ɗauki bayani ɗaya tak.

Shi kuwa rubutu zalla ba shi da gurabe. Jerin haruffa ne kawai, ɗaya na bin ɗaya. Domin a nuna inda wani bayani ya ƙare wani ya fara, sai a sanya wata alama tsakaninsu, wadda za a kira alamar iyaka a wannan darasi. Waɗanda aka fi amfani da su uku ne: waƙafi (,), da waƙafi mai ruwa (;), da tazarar da maɓallin Tab ke bari. A tsarin ASCII kowace tana da lambarta: waƙafi 44, waƙafi mai ruwa 59, Tab kuma 9. Fayil ɗin da aka raba da waƙafi shi ake kira CSV.

Idan rubutun da aka liƙa a Excel an raba shi da Tab, kowane bayani yakan faɗa gurbinsa kai tsaye. Idan kuwa da waƙafi aka raba shi, yawanci duk layin yakan taru a ginshiƙin A, sai an gaya wa na'ura alamar da za ta bi.

Misali Daga Lafani

A ɗauka ɗaliban wata makarantar sakandare a Lafani, cikin yankin Illela ta Jihar Sakkwato, sun shuka gero da dawa a tukwane domin nazarin girman tsiro. Bayan mako biyu shugaban aji ya aika wa malami sakamako ta waya kamar haka:

lamba,iri,tsawo,ganye
01,gero,12.5,3-4
02,dawa,9.8,2-3

Kowane layi yana da bayani huɗu da waƙafi uku. Ga matakan raba su a Excel:

1. A liƙa rubutun a ginshiƙin A, a tabbata ginshiƙan da ke dama da shi babu kome a ciki, domin bayanan da aka raba za su hau kansu.
2. A zaɓi ginshiƙin, a shiga sashen Data, a latsa Text to Columns.
3. A zaɓi Delimited, sannan a nuna cewa waƙafi ne alamar iyaka.
4. A dubi samfurin da ke ƙasan akwatin, a ga ko ginshiƙai huɗu sun fito daidai.
5. Kafin a kammala, a faɗa wa na'ura nau'in kowane ginshiƙi: lamba ce, ko kwanan wata, ko rubutu zalla.

Google Sheets da LibreOffice Calc suna da umarni makamancin wannan, ko da yake sunaye da wuraren maɓallan sun ɗan bambanta.

Waƙafi Ɗaya, Ma'ana Biyu

Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar tafiya ce kaɗan, kuma Hausa ake yi a ɓangarorin biyu. Sai dai rubutun lissafi ya bambanta. Makarantun Nijeriya sun gaji tsarin Ingilishi, inda ake rubuta sha biyu da rabi da ɗigo, 12.5. Makarantun Nijar sun gaji na Faransanci, inda ake rubuta shi da waƙafi, 12,5. Tun da waƙafi ya riga ya sami aiki a cikin lamba, kwamfutar da aka saita a kan tsarin Faransanci takan yi amfani da waƙafi mai ruwa wajen raba bayanai.

Saboda haka idan ɗalibai a Ƙonni suka yi irin wannan gwaji suka aiko da nasu sakamakon, zai zo kamar haka:

03;gero;11,2;3-4

Malamin da ya raba wannan layi da waƙafi, kamar yadda ya yi wa na farko, zai sami gida biyu maimakon huɗu: "03;gero;11" a gurbi ɗaya, "2;3-4" a ɗayan. An tsaga tsawon tsiron a tsakiya. Gyaran shi ne a zaɓi waƙafi mai ruwa a mataki na uku, sannan a mataki na biyar a latsa Advanced a nuna cewa waƙafi ne ke tsayawa a madadin ɗigo. In ba a yi haka ba, na'ura za ta ɗauki 11,2 a matsayin rubutu, kuma idan aka nemi matsakaicin tsawo za ta tsallake shi ba tare da ta yi gargaɗi ba. Wannan shi ne kuskure mafi haɗari, domin amsa za ta fito, kuma za ta yi kama da ta gaskiya.

Inda Na'ura Ke Yin Shisshigi

Mataki na biyar shi ne wanda masu gaggawa kan tsallake. Idan ba a faɗi nau'in ginshiƙi ba, jadawali yakan yi hasashe da kansa. A misalin Lafani, 01 zai koma 1, haka nan lambar waya mai farawa da sifili za ta rasa sifilinta. Ita kuwa 3-4, wadda ke nufin ganye uku zuwa huɗu, za ta koma kwanan wata: 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris, gwargwadon yadda aka saita kwamfutar. Bugu da ƙari, Excel ba ya riƙe fiye da alkaluma 15 na lamba, don haka lamba mai alkaluma 16 za ta ƙare da sifili a madadin alkalaminta na ƙarshe. Maganin duk waɗannan ɗaya ne: duk lambar da ba lissafi za a yi da ita ba, a ajiye ta a matsayin rubutu.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, su ma sukan lalace idan aka buɗe fayil da tsarin haruffan da bai dace ba. A adana fayil ɗin Hausa da tsarin UTF-8, a kuma buɗe shi da shi.

Abin Da Ya Sami Manya

Kada ɗalibi ya zaci masu koyo kaɗai abin ke kayarwa. Wasu ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da gajerun sunaye irin SEPT2 da MARCH1, waɗanda Excel ke mayarwa 2 ga Satumba da 1 ga Maris. A 2016 Mark Ziemann da abokan aikinsa a Ostareliya suka binciki maƙalu 3,597 masu ɗauke da jerin sunayen ƙwayoyin gado, suka tarar 704 daga ciki, wato kusan ɗaya cikin biyar, suna da wannan kuskure. Zuwa 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya riga ya sauya sunaye 27, MARCH1 ya zama MARCHF1, SEPT1 ya zama SEPTIN1. Sai a 2023 kamfanin Microsoft ya ƙara hanyar kashe wannan sauyi na kai tsaye.

Har ila yau, a 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bar mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona a wajen rahotonta na kwanaki, saboda an zuba sakamakon gwaji cikin tsohon nau'in fayil ɗin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Wannan ya jawo jinkiri wajen neman waɗanda suka yi mu'amala da su.

Kammalawa

Na'ura alama take bi, ba ta san gero ba balle tsawonsa. Don haka kafin a raba bayanai a karanta layuka biyu ko uku da ido, a gane alamar iyaka da alamar ɗigo. Bayan an raba, a ƙirga layuka da ginshiƙai, a gwada su da na asali. A lura kuma cewa jadawali yakan jingina lamba a dama, rubutu a hagu. Duk awon da ya jingina a hagu ba zai shiga lissafi ba. Daga ƙarshe, a ajiye rubutun asali a wani fayil da ba a taɓa ba, domin kuskuren da aka riga aka adana yana da wuyar warwarewa.

Aikin Aji

1. Gida nawa za a samu idan aka raba "04;dawa;10,6;2-3" da waƙafi? Da waƙafi mai ruwa fa?
2. Me ya sa ya kamata a ajiye lambar waya a matsayin rubutu?
3. A auna tsawon tsirrai goma, a rubuta sakamakon da tsarin Nijeriya da na Nijar, a raba kowanne, sannan a gwada matsakaicin tsawon da aka samu.