Amsar Tambaya: Hawa Turken Lasifika

Tambaya: Malam, lasifikar masallacinmu a Madarunfa ta mutu, tana can saman turken ƙarfe mai tsawon mita 8. Yaya zan hau in gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba gindin turken. Ƙasar da ke kusa da tafki tana riƙe laima, tsatsa kuwa daga ƙasa take cin ƙarfe. In ka girgiza ya motsa, kada ka hau, a kwantar da shi a gyara.

In ya tsaya daram, yi koyi da masu jirgin ruwa mai filafilai: da igiya biyu suke hawa turkensu, in ɗaya ta tsinke ɗayar ta riƙe mutum. Sayi sabuwar igiyar nailan, ban da wadda rana ta gasa a bakin rijiya. Ɗamarar tsaro ta kama cinya da ƙugu. Igiya a ciki kawai tana shaƙe mutum in ya zame.

Tsani kuma, kowane mita 4 na tsawo, a ja ƙafarsa mita 1 baya, a ɗaure samansa. Kayan aiki a jawo su cikin jaka. In wayar lantarki ta NIGELEC na kusa, ko hadari ya haɗo, a fasa.