Warin ruwan lagireto a cikin mota: daga ina yake, me za a yi?

Da zarar hunturu ya kankama, akwai ƙorafin da ke yawaita a gareji: "Na kunna hita da asuba, sai wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar, gilashin gaba kuma ya yi hazo ta ciki." Galibi mai motar ya shekara bai taɓa maɓallin hita ba, sai da sanyin Jos ko na Zariya ya tilasta masa.

Warin nan na kulan ne, wato ruwan nan kore ko ja da ake zuba wa lagireto. A bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto da bai fi girman littafi ba. Tiyo biyu ne suka ratso daga wajen inji suka haɗu da shi, ɗaya na kawo ruwa mai zafin da ya kai kusan digiri 90, ɗaya na mayar da shi. Fanka ta hura iska ta cikinsa, ɗumi ya fito. Idan ya huje, tururin ruwan ne kake shaƙa. Kuma a yawancin motocin yanzu ruwan yana zagayawa ta cikinsa ko an kunna hita ko ba a kunna ba, wata 'yar ƙofa ce kawai ke tare iskar. Saboda haka kashe hita ba ya tsayar da yoyon, warin kaɗai yake ragewa. Injinka yana ci gaba da asarar ruwa, kuma abin da ya fi damuna ke nan.

Ka fara bincike da safe, kafin a tayar da mota. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan na iya feso maka a fuska. Duba robar ajiyar ruwa, ka yi mata alama da biro, ka sake dubawa bayan kwana biyu. Sannan ka ɗaga kafet ɗin gaba, musamman ɓangaren fasinja, ka cusa hannu har kan soson da ke ƙasa. Idan ka ji danshi, murza shi tsakanin yatsunka. Kulan yana da santsi da ɗan danƙo, yana da launi da wari. Ruwan esi kuwa garai yake, ba santsi, kuma toshewar magudanarsa ce ke jawo shi. Shafa yatsa a gilashin ma: hazon kulan maiƙo yake bari, ka goge ya dawo. Amma kada ka ɗanɗana. Sinadarin da ke ba shi zaƙi guba ne mai lalata ƙoda, don haka a nisanta galan ɗinsa daga yara da dabbobi.

Idan kafet a bushe yake, kada ka yarda a kwance dashbod tukuna. Sau da yawa kilif ne ya saki ko tiyo ya tsage a cikin bonet, ruwan ya ɗiga kan inji mai zafi, tururin ya bi ta mashigar iska da ke gindin gilashi. Rufe iskar waje ka ga ko warin zai ragu. Makaniken da ya san aikinsa zai ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, ya ba shi iska, ya ga inda ruwa ke tsattsafowa. Irin wannan gyara ba ya cin kuɗi.

In kuwa ƙaramin lagireton ne ya huje, gyaran gaskiya shi ne a canja shi. Kayan ba su cika tsada ba, kuɗin aikin ne ke da nauyi, domin a motoci da yawa sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Wanda ba shi da hali, a cire tiyo biyun nan a haɗa bakinsu da guntun bututu da kilif masu kyau. Hita ta tafi ke nan, amma a ƙasarmu mai zafi ban ga laifin hakan ba, muddin ka san ba ka da iska mai ɗumi ta share hazon gilashi a damina. Abin da ba na goyon baya shi ne garin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto. Ramukan ruwan sirara ne ƙwarai, garin kan toshe har waɗanda ke da lafiya.

Sai a tambayi abin da ya huda shi tun farko. Mafi yawa tsatsa ce, daga zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla shekara da shekaru. Kulan ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana ɗauke da maganin tsatsa, yana kuma sa ruwa ya daɗe bai tafasa ba. Wani lokaci kuma gasket ɗin kan inji ne ya ƙone yana tura iska cikin ruwan. Alamarsa farin hayaƙi a salansa, ko kumfa a robar ruwa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. In ba a gyara wannan ba, sabon da aka saka ma zai fashe.

Bayan gyara a wanke hanyoyin ruwan, a zuba irin kulan da kamfanin motar ya tsara, wanda ba a sirka ba a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale. A ciro soson kafet a shanya shi a rana, in ba haka ba warin zai zauna, ƙarfen ƙasan motar kuma ya fara ruɓewa.