Rumfar renon iri

A ƙasashen sanyi, wasu na renon shuka cikin ɗaki, a ƙaramin tanti mai fitila. Mu kam rana ta ishe mu, har takan ƙone ɗanyen iri. Shi ya sa muke yi mashi rumfa.

Ka gyara fangali mai faɗin metir 1 kusa da rijiya, ka zuba ruɓaɓɓen taki. Ka kafa dirkoki 4, ka jera karan hatsi bisa. Kada rufin ya yi kauri: in haske bai shiga ba, irin zai miƙe siriri, ya faɗi.

Tumatir na isa dashe wajen sati 4. In saura sati guda, ka dinga rage karan don ya saba da rana.

Tambaya: Don mi ake rage kara kafin dashe?