Fitsari Ba Ya Rufa wa Cuta Asiri

Ya ku 'yan kasuwar Nima da iyalan Mamobi, ciwon sukari da ciwon ƙoda sukan daɗe a jiki shiru. Sau da yawa fitsari ke fara tona su.

Idan gwaji ya nuna:

Sukari: a tabbatar da gwajin jini.

Furotin: wataƙila ƙoda na wahala. Ga mai juna biyu, gargaɗi ne na hawan jini mai kawo jijjiga.

Jini: ana zargin tsargiya, tsakuwar ƙoda ko cutar mafitsara.

Ku je Babban Asibitin Mamobi da katin NHIS. Ku bar farkon fitsarin ya zube, ku tari na tsakiya a kwalbar da aka ba ku. Rufe rumfa safiya ɗaya ya fi jinyar shekara sauƙi.